Tambaya da Amsa: Akuna Yana Fige Gashinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Akuna mai ruwan toka da jar wutsiya yana ta fige gashin ƙirjinsa tun shigowar hunturu. Gyaɗa kawai nake ba shi. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Asalinsa tsuntsun kurmi ne, irin na Kamaru da Kongo, inda danshi ba ya yankewa, shi ya sa busasshiyar iskar hunturu take sa masa ƙaiƙayi. Ka riƙa fesa masa ruwa mai ɗumi-ɗumi da hantsi, sau 3 a mako.

Gyaɗa zalla kuwa mai ya yi mata yawa, kalsiyam ɗinta (sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi) kaɗan ne, rashinsa kuma yakan sa aku jijjiga har ya faɗo daga sanda. Haɗa masa da gwanda, karas, zogale da ɗan dafaffen ƙwai. Fiya (avocado) guba ce gare shi, kada ya taɓa ta. Ya samu barcin awa 10 cikin duhu. In fatar ta fara jini, kai shi wurin likitan dabbobi.