Bin jeri daga ƙarshe a Python

Malam, ka ce kana da jerin manoman ƙungiyarku a wani ƙauye kusa da Ringim, kana son cire waɗanda suka biya kuɗin taki, amma shirin kwamfutar da ka rubuta da yaren Python, mai bin jerin daga farko, yana tsallake wasu sunaye.

Ga abin da ke faruwa. Python daga 0 yake fara ƙirga gurbi. Da ka goge na gurbi na 2, sai na 3 ya matso ya maye wurinsa, kai kuma ka riga ka wuce gaba. Shi ke nan ya kuɓuce maka. To, faro daga ƙarshe (manoma shi ne jerinka, sun_biya kuma sunayen waɗanda suka biya):

for i in range(len(manoma) - 1, -1, -1):
    if manoma[i] in sun_biya:
        del manoma[i]

Ta haka duk wanda zai matsa, ka riga ka duba shi. Don Allah ka kula da -1 ɗin tsakiya: ita ce lambar tsayawa, kuma range, mai jero lambobin gurbi, ba ya kaiwa kanta, in ka sa 0, ba za a duba mutumin farko ba.

In karantawa kawai za ka yi ba gogewa ba, reversed(manoma) ya wadatar, kuma shi na fi so domin ba ya kwafar komai. Shi kuwa manoma[::-1] sabon jeri yake haɗawa, zai ci wuri in sunayen suna da yawa.