Hukuncin cin bandar naman gyado

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wani maharbi ya kawo mana bandar naman gyado, ya ce ai naman dawa ne kamar gada, ba alade ba ne. Ƙanena ya ci. Da aka yi sati biyu zazzaɓi ya kayar da shi, idanu suka kumbura, jiki duk ciwo. Naman ya halatta? Akwai zunubi a kansa? Daga ɗan'uwanku a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ɗan'uwa, ku kai shi likita yau, ku faɗi abin da ya ci ba ɓoye-ɓoye.

Gyado aladen daji ne, zaman daji kuwa bai fitar da shi daga danginsa ba. Allah Ya haramta naman alade a Baƙara aya ta 173 da Ma'ida aya ta 3, bai ware na gida da na dawa ba. Yanka ba ya halatta shi, kuɗinsa ma haram ne.

Alamun da ka lissafa sun yi kama da cutar tsutsar tirikinela, amma tabbatarwa ta masu asibiti ce. Ƴaƴan tsutsar kan naɗe cikin tsokar dabba, ido ba ya ganinsu. In an ci sai su girma a hanji, su hayayyafa, su bi jini su shige tsokar mutum. Yin banda, sa gishiri da shanya ba sa tabbatar da mutuwarsu, sai dahuwar da ta ratsa nama har zafinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Celsius. Kada wani ya ce to sai mu dafa sosai. A'a! Wuta tana kashe tsutsa, ba ta ɗauke haramci, don nassi ne ya haramta, da cuta ko babu.

Ba alade kaɗai ke ɗaukar tsutsar ba. A Faransa, cikin 1985, sama da mutum 1,000 suka kamu ta hanyar naman doki, wanda mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya ya hana ci. Kura da dila, da wasu ke nema da sunan magani, makaruhi ne a wurinmu, kuma su ma suna ɗaukar tsutsar, in cutarwa ta rinjaya sai hani ya yi ƙarfi, saboda hadisin Muwaɗɗa: "La darara wa la dirar," wato ba cuta, ba cutarwa.

Ƙanenka, in da gaske ya ɗauka halal ne, babu zunubi a kansa. In yana shakka ya ci, ya yi istigfari. Maharbin, in ya sani ya ɓoye, algus ne, ya mayar da kuɗi. Ragowar naman a ƙone, kada a jefa wa karnuka, su ma suna kamuwa. Duk wanda ya ci tare da shi a duba shi.

Wallahu a'alam.