Ƙashin Samudawa ne baba ke sha?

Tambaya: Malam, daga Tawa nake rubutowa. Kawuna ya tsinto wasu manyan ƙasusuwa wajen kiwo a yankin Kao, nauyinsu kamar dutse. Wani mai magani ya ce na Samudawa ne, ya daka yana ba babanmu a kunu don ciwon baya. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Ƴar'uwa, a hana baba sha tun yau.

Yankin nan cikin kwarin Iullemmeden yake. A ƙarshen zamanin Kiretase, wato sama da shekara miliyan 66 da suka wuce, teku ta ratsa shi, ta bar laka da yashi hawa-hawa har suka daskare. Shi ya sa a tudun Indamane, kusa da Kao, ake tono haƙoran manyan kifaye da ƙasusuwan mosasor, dodon ruwa mai rarrafe. Ina kyautata zaton irinsu kawu ya samo. Dinosor sosai, wato manyan dabbobin tudu masu rarrafe na zamanin da, sun fi yawa a Gadufawa, jihar Agadas, cikin duwatsu masu shekara wajen miliyan 110. Can Philippe Taquet, Bafaranshe masanin tsofaffin ƙasusuwa, ya gano dinosor da ake kira Ouranosaurus, can kuma wani mai suna Nigersaurus mai haƙora 500 ya fito.

To, maganar Samudawa na gaji da ita, wallahi. Dabbobin nan sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin babu ɗan Adam ko ɗaya a doron ƙasa. Mai maganin ya taɓa ganin mutum, komi girmansa, da wutsiya? Kuma abin da ke hannunsa ma ba ƙashi ba ne yanzu. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya daɗe yana ratsa shi, yana cusa masa ma'adinai, shi ne nauyin da kuka ji. Cikin abin da irin wannan ƙashi ke tsotsa har da uraniyom, wanda ake haƙowa a Arlit. Wato tsoho mai ciwon baya ake ɗura wa garin dutse, ƙodarsa na wahala, ciwon na nan, ana kuma karɓe masa jikkunansa. Kowa ya zo mini da wannan zance sai ya ce "ai kakanni sun sha". Kakanni ba su da asibiti, ke kina da shi. Ki kai baba, ki faɗa wa likita abin da ya sha da tsawon lokacin.

Sauran ƙasusuwan kada kawu ya ƙara cirowa, don shimfiɗar dutsen da ƙashi ke kwance a ciki ita ke faɗa mana shekarunsa. Ya ɗauki hoto, ya shaida wurin, a sanar da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai.