Tambaya da Amsa: An rufe min shafi, su kuma masu zagi suna nan

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Ƙofar Ƙaura nan Katsina, na yi rubutu a soshiyal midiya kan yadda 'yan bindiga suka hana 'yan uwanmu noma a wajen Jibiya, wallahi ko zagi babu, washegari na tarar an rufe min shafi na kwana 30, amma yaran 'yan siyasa kullum ashar suke ɗura ma mutane ba mai taɓa su. Wai kamfanonin nan ɓangare suke ɗauka ne? Ina 'yancin faɗin albarkacin bakin?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya huci zuciyarka, abin da ciwo mutum ya yi kukan 'yan uwansa a toshe masa baki. Ni dai abin da na fi zargi shi ne taron dangi, 'yan data su jefa rubutunka a guruf ɗinsu kowa ya danna rifot, ita kuma na'urar da ke tacewa Hausarta ba ta nuna ba, da ta ga "bindiga" da "kashe" shi kenan, ba ta bambance mai kuka da mai barazana, shi ko mai ashar ya karkata harafi ɗaya ya wuce abinsa. Wannan laifin kamfanonin ne, suna cin kuɗin tallarmu ya kamata su ɗauki isassun masu jin Hausa.

Batun ɓangare kuwa, kowa da ya sha duka haka yake cewa. A Yunin 2021 Twitter ta goge rubutun marigayi Buhari, ɗan Daura, yana kan mulki fa, gwamnati ta dakatar da ita har Janairun 2022, daga baya kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa doka. A Amurka ma an rufe shafin Trump a Janairun 2021.

Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin magana, amma gwamnati ya fi ɗaurewa, kamfani da nasa sharuɗɗan ka shiga. Wanda na fi ji maka tsoro shi ne sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, da shi aka sha kama 'yan jarida, ko da yake an yi masa gyara a 2024, don haka duk abin da za ka rubuta ka riƙe hujjarka. Yanzu ka danna wajen ɗaukaka ƙara ka yi musu bayanin ma'anar rubutun da Turanci mai sauƙi, ka kuma ajiye sikirinshot ɗinsa a wayarka.