Amsa ga mai son haɗa kwamfuta da binciken garkuwar jiki

Ƙanwata, kin ce kin gama lisans a kimiyyar halittu a Jami'ar André Salifou nan Damagaram, kina tambaya ko ƙaramar kwamfutarki za ta isa ki shiga bayo'infomatik (nazarin bayanan halittu da kwamfuta) ta ɓangaren garkuwar jiki. Za ta isa. Sai dai kada zumuɗin kwamfuta ya sa ki ajiye littafin garkuwar jiki. Wanda bai san aikin ƙwayar T da na ƙwayar B, fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, ba, na'ura za ta zana masa hoto mai kyau, ya kasa fassara shi.

Ki fara da Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta, da R, harshen shirya manhaja na ƙididdiga, awa guda kullum, tare da lissafin ƙididdiga. Python, wani harshen shirya manhaja, ya biyo baya. Ingilishi kuwa ba makawa, kusan duk bayanan kayan aikin da shi aka rubuta.

Aikin farko da nake ba ki shawara shi ne darasin Seurat, manhajar R ta nazarin ƙwayoyi ɗai-ɗai, wanda ke amfani da bayanan fararen ƙwayoyin jini 2,700 da kamfanin 10x Genomics ya saki kyauta. Kwamfuta mai RAM giga 8 za ta ɗauka. A nan za ki ga ana zubar da ƙwayar da kwayoyin gadonta da aka gano ba su kai 200 ba, ko suka haura 2,500, ko wadda kason RNA na mitokondiriya (ɓangaren ƙwaya mai samar mata da kuzari) ya wuce 5 cikin 100. Ki tsaya ki fahimci dalili: ta farko sau da yawa ɗigo ne ba ƙwaya a ciki, ta biyu wataƙila ƙwaya biyu ne suka manne, ta uku kuma mai mutuwa ce. Daga nan, bayan Seurat ya kasa ƙwayoyin rukuni-rukuni, ki sa wa kowane rukuni suna da kanki bisa kwayoyin gadon da ke alamta shi: CD3E na ƙwayoyin T, MS4A1 na B, CD14 na monosait, GNLY na NK.

Wajen RNA-seq, wato karanta RNA don ganin kwayoyin gadon da ke aiki, manhajar STAR tana cin RAM kusan giga 30 a kan kwayoyin gadon ɗan Adam, saboda haka ki ɗauki manhajar Salmon mai sauƙin nauyi, ko ki kai aikin dandalin Galaxy a intanet, kyauta ne. Tunda wuta da intanet na yawan yankewa, ki sauke fayil da umarnin wget -c don ya ɗora daga inda ya tsaya, ki tantance cikarsa da umarnin md5sum.

Kuskuren da ya fi ɓata aiki tun a ɗakin gwaji yake faruwa. In an sarrafa jinin marasa lafiya ran Litinin, na masu lafiya ran Alhamis, DESeq2, manhajar da ke kwatanta rukunan biyu, ba zai raba tasirin cuta da na rana ba. A riƙa sarrafa na marasa lafiya da na masu lafiya a rana guda, kowane rukuni ya samu samfur uku aƙalla. Kuma kada ki buɗe jerin kwayoyin gado a Excel, ya sha mayar da sunan kwayar gado irin SEPT2 kwanan wata.

Batun gaba, ki nemi horon aiki a cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai, inda ake bin diddigin sanƙarau. Akwai masta ta bayo'infomatik a jami'ar USTTB ta Bamako, akwai kuma cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta WACCBIP a Jami'ar Ghana. Kafin ki rubuta musu, ki ɗauko bayanan zazzaɓin cizon sauro guda daga GEO, rumbun bayanan kwayoyin gado na kyauta a intanet, ki sake nazarinsu tun daga farko, ki ɗora aikin a GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan shirya manhaja, ki sa adireshinsa cikin takardar neman.