Likita, ina aka kwana kan rigakafin ƙanjamau?

Wani malamin makaranta daga Ƙofar Ƙaura, Katsina: Likita, korona ba ta shekara ba aka samo mata rigakafi. Me ya hana a samo na ƙanjamau?

Malam, ba rashin ƙoƙari ba ne. Tun 1981 da aka fara gane cutar a Amurka, ta yi ajalin mutum sama da miliyan 40, kuma kusan wasu miliyan 40 na ɗauke da ƙwayar HIV a yau. Ƙwayar ce hawainiya: kafin garkuwar jiki ta gane ta, ta sauya launi, kuma a cikin sojojin jinin da ya kamata su yaƙe ta take ɓuya. Gwajin da ya fi ba da fata shi ne na ƙasar Tailan, wanda sakamakonsa ya fito a 2009, shi ma kashi 31 cikin ɗari kawai ya rage kamuwa. Wani babban gwaji mai suna Mosaico kuwa, dakatar da shi aka yi a 2023. A shekarar kaɗai mutum miliyan 1.3 suka kamu a duniya. A ganina babban amfanin rigakafi, in Allah ya kawo shi, shi ne za a yi wa kowa kamar na shan-inna, ba sai mutum ya cire kunya ya ce yana cikin haɗari ba.

Wata 'yar kasuwa daga Daura: Na ji a rediyo akwai allurar da ake yi sau biyu a shekara. Ba ita ce rigakafin ba?

A'a Hajiya, wannan lenacapavir ce. Magani ne mai daɗewa a jiki. In wata shida ta cika ba a sake ba, kariyar ta ƙare. Amma fa tana aiki: a gwajin Afirka ta Kudu da Yuganda na 2024, cikin matan da aka yi wa allurar babu wadda ta kamu.

Wata mai juna biyu daga Katsina: An gwada ni wurin awo, an ce ina da ƙwayar HIV. Shin jaririna zai ɗauka?

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. In kin fara magani yanzu, kina sha kullum ba fashi, da wuya ya ɗauka. Ki haihu a asibiti, za a ba shi nasa maganin na ruwa, kuma ki shayar da shi kina kan naki. Kada mai lasifika a kasuwa ya sa ki ajiye ƙwayoyinki don jarkar tsimi. Ki lallaɓa maigida shi ma ya je gwaji. Ranar suna kuma, ki sa a buɗe sabuwar reza a gabanki kafin wanzami ya taɓa kan yaron.