Amsa: roba ko bulo a gefen filin wasan yara?

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce yashin filin wasan makarantarku a Garwa yana ta watsewa, kina tunanin ki kewaye shi da bulo ko da roba. Don Allah ki bar maganar bulo, yaro na cikin gudu ya faɗi goshi ya bugi kaifin siminti sai ɗinki.

Robar kamfani da ake kafewa da dogayen ƙusoshi tana da kyau amma akwai tsada, ni dai tsofaffin tayoyi nake ba da shawara, wajen masu faci za ki samu da araha. A haƙa rami a jera su a tsaye manne da juna, rabi a ƙasa rabi a waje, a cika ƙasa a daddanne sosai. Amma ki duba kowace taya da hannunki, wadda wayar ƙarfe ta fito a jefar, tana yanka ƙafa. Kuma dole a huda ƙasan kowacce kafin a binne, in ba haka ba damina na zuwa ruwa ya kwanta ciki sauro ya yi gida, ga yara ƙanana ga zazzaɓi.

Zafin Maris da Afrilu kin san shi, ya kan wuce digiri 40, baƙar roba ƙuna take yi, a shafa mata fenti mai haske. A bar aƙalla mita 2 tsakanin tayoyin da kayan wasan da yara ke hawa, gaban lilo da bayansa kuwa fiye da haka, yashin kuma ya kai zurfin santimita 30. Allah ya taimaka Hajiya.